Taku Ashirin da Uku

Auta,

Ina gaishe ka, ina fatan takardar nan ta same ka a tsaye da ƙafarka. Ni lafiya, sai ɗan nauyin ƙafa da safe, wanda ba wani abu ba ne. Yayarka tana leƙo ni ranar hutunta. Ta ce in gaya maka tana nan da rai, ko da yake ba ka tambaya ba.

Takardarka ta zo ranar Talata, na yi kwana biyu ina bin ta da yatsa. Ka san karatuna na tsufa ne, sai da babanku ya rasu na shiga aji. Kada ka ce mu koma waya. Kunnena ba ya kama ta yanzu, kuma a waya "lafiya lau" kawai kake cewa ka ajiye. A takarda dole ka cika shafi.

Abin da na gane shi ne kana gina titinmu a cikin kwamfuta, a wani wasa da ake gina gari, kuma kana so in auna maka gidaje bakwai na layinmu. Na karanta wurin sau uku don kada in zalunce ka. Shekara huɗu ba ka taka titin nan ba, yanzu kana so ya zo ya same ka a ɗakinka. To, ban ce komai ba.

Zan auna. Amma ba ni da igiyar awo, ta babanku ta yi tsatsa ta ƙi fitowa daga gidanta, saboda haka da taku zan yi. Ka ce yayarka ta ɗauki hoto ta turo maka. Na hana ta. Idan ta tura hoto yau, gobe ka gama da mu. Ni gida ɗaya zan ba ka a kowace takarda, kuma sai ka amsa zan ba ka na gaba. Ka kira shi wayo idan ka so.

Ga namu. Faɗin get, taku biyar. Daga get zuwa ƙofar falo, taku goma sha huɗu. Gaban gidan daga katangar tela zuwa ta malamar asibiti, taku ashirin.

Yaushe za su ba ka hutu?

Innarka

*

Inna,

Na gaishe ki da kyau. Ina lafiya, aiki ne kawai da yawa. Ki shafa wa ƙafar man da Yaya ta kawo miki, kada ki ajiye shi a kan kabad kina kallo.

Awon ya yi daidai. Na tuna get ɗinmu mita uku ne, domin ni na riƙe wa Baba igiya ranar da aka sa shi. Tunda taku biyar kika yi, na san tsawon takunki ke nan, da shi zan lissafa sauran.

Bari in yi miki bayani don kada ki ɗauka na zauce. A wasan, ana ba mutum fili ya shimfiɗa tituna, ya kai ruwa da lantarki, sai gidaje su fito, ƙananan mutane su cika su, su riƙa fita aiki suna dawowa. Matsalar ita ce gidajen da suka zo da wasan duk kamar uwa ɗaya ta haife su. Fenti sabo, ciyawa a aske, ba igiyar shanya, ba komai. Shi ya sa wasu daga cikinmu muke ƙera namu. Ina zana gida bango bayan bango, in yi masa rufi da taga, in shafa masa launi, sannan in sa shi a wasan. Unguwar bayan gari ta fi tsakiyar birni wuya, domin dogon bene kowa ya iya, amma titi mai lanƙwasa wanda ya ƙare a bakin fili kamar namu, sai an dasa komai da hannu: turken lantarki, kwata, kwandon shara, har tudun da mota ke hawa ta shiga get.

Ranar hutuna nake yi, ba ya taɓa aikina. Na gama namu jiya. Na daɗe ina kallonsa.

Maganar hutu, ana duba wa.

Auta

*

Auta,

Gaisuwa mai yawa. Ni lafiya. Na shafa man, warinsa ya fi aikinsa.

"Ana duba wa" ɗin nan na san shi, bara ma shi ka aiko mini.

Na auna gidan tela. Ina tafe ina ƙirgawa a bakina sai ya ɗago daga kan keke ya ce, "Maman Auta, ɗan kunne ya faɗi ne?"

Na ce, "Yi shiru, za ka ɓatar mini. Gidanka nake aunawa."

Ya ce, "Ikon Allah. Shekara talatin ina auna mutane, yau an zo auna ni."

Da na gaya masa dalili, ya ce in ce maka ka sa masa rufi sabo, kuma idan za ka sa shi a ciki ka rage masa tumbi. Na ce rufin zan faɗa, tumbin kuwa tsakaninsa da matarsa.

Gabansa taku ashirin, kamar namu. Ya fasa katanga ya fitar da shago, taku shida. Rumfar shagon ta karkata hagu. Ƙofar shuɗiya ce, amma ƙasanta ya koɗe inda ruwan sama ke dukanta.

A takardarka ka ce ka daɗe kana kallon gidanmu. Ni ma kullum ina kallonsa, daga ciki. Ɗakinka yana nan, ina buɗe tagar da safe don kada ya yi warin rufi.

Kana cin abinci kuwa? Mai zana bango bayan bango ranar hutu, ban ga lokacin da yake dafa wani abu ba.

Innarka

*

Inna,

Ina gaisuwa. Ki yi haƙuri na yi sati uku ban rubuto ba, an canza mana lokacin aiki.

Labari mai daɗi. Na ɗora gidan tela a intanet don sauran masu wasan, kuma cikin kwana biyar mutum ɗari huɗu suka sauke shi. Ban taɓa ganin haka ba. Amma wani ya rubuta cewa titina ya yi tsabta kamar ba a taɓa yin faɗa a cikinsa ba. Abin ya ba ni haushi don gaskiya ya faɗa. Saboda haka ban da awo, ki riƙa rubuto mini abin da ya lalace, da abin da ya karkace, da abin da aka ajiye a inda bai kamata ba. Su ne ke sa a yarda cewa mutane na zaune a wuri.

Rubutunki ya ƙanƙance a takardar nan, da ƙyar na karanta ƙarshenta. Takarda ce ta yi ƙaranci?

Auta

*

Auta,

Ina gaishe ka. Ni lafiya, amma ka kusa sa ni kwanciya.

Na karanta cewa mutum ɗari huɗu sun sauke gidan tela. Ni abin da na sani, idan an sauke rufi, gida ya tashi daga aiki. Ban tsaya neman takalmi ɗaya da ɗaya ba, na fita da nawa ɗaya da na yayarka ɗaya. Na tarar da gidan a tsaye, tela yana cin gyaɗa. Ya ce, "Yau kuma me za a auna?" Na ce ba komai, iska nake sha. Ya kalli ƙafafuna ya ci gaba da cin gyaɗarsa, Allah ya saka masa.

Sai da yayarka ta zo ta ce mini a wurinku saukewa na nufin sun ɗauki irinsa sun sa a nasu garin. Ta yi dariya har da riƙe ciki. To yanzu akwai tela ɗari huɗu a duniya, kowanne da rumfarsa a karkace. Ka riƙa rubuta mini magana irin ta mutane.

Takarda ba ta yi ƙaranci ba. Tattali nake yi.

Gidan malamar asibiti, taku ashirin da biyu. Tana da bishiyar lemo da ta leƙo kan titi.

Ka ce abin da ya lalace. Wannan ba sai na fita nema ba. Bangonmu na gefe launi biyu ne, domin fenti ya ƙare wa babanku a tsakiya, ya ce gobe, goben ba ta zo ba. Ƙarƙashin famfon waje akwai jan layin tsatsa har ƙasa. Turken lantarki na uku ya sunkuya kamar yana gaida wani. A kwanar titi ciyawa ta mutu inda kowa ke yanke hanya, ku kuka fara takawa kuna makara zuwa makaranta. Lambar gida na shida ƙusa ɗaya ta rage mata, ta juye ta koma tara, mai kawo takardu har yau yana rikicewa. Sannan a gidanmu akwai farar kujerar roba a tsakanin get da ƙofar falo, daidai rabin hanya.

Na ba ka da yawa yau. Kada ka saba.

Innarka

*

Inna,

Gaisuwa. Ina lafiya, sai gajiya. Na samu takardunki uku na baya, na gida na huɗu da na biyar da na shida, kuma na amsa kowacce kamar yadda kika sa doka, ko da layi biyar ne.

Kujerar nan ta fi komai farin jini. Mutane sun ce ita ce ta sa gidan ya yi rai. Wata ma ta tambaya me ya sa aka ajiye kujera a rana, ba a inuwa ba. Na ce haka take a gidanmu.

Amma akwai matsala, kuma kada ki ji haushi. Jiya na jera gidajen shida a titin, sai na ga abin ba ya tafiya. Kin ba ni ashirin, ashirin, ashirin da biyu, ashirin da biyar, ashirin da tara, talatin da uku. Gida na shida, na direba, ya fito kamar makaranta. Ni kuwa na san filayen layinmu kusan ɗaya suke, magini ɗaya ya yanka su. Titin ya yi tsawo har ya faɗa cikin filin da ke ƙarshensa. Na ɓata ranar hutu biyu ina neman kuskuren a wajena, ban samu ba.

Ko ƙirgar ce take kuɓuce miki idan ana yi miki magana? Ko wajen rubuta lambar ne? Na san lambobi sun fi ba ki wuya a aji. Ba laifi ba ne. Ki sa Yaya ta auna da igiya, ko kuma ki sake ƙirga mini daga get zuwa ƙofar falo in gwada da na farko.

Auta

*

Inna,

Sati bakwai ke nan ban ga takardarki ba. Na je gidan waya sau uku. Na kira Yaya ta ce kina lafiya, kin ce ke za ki rubuto da kanki, ta kashe.

Idan maganar lambobi ce, na yi kuskure. Ban yi nufin in ce ba ki iya ba. Ki bar awon gaba ɗaya idan kin gaji, zan ƙiyasta na bakwai. Ki rubuto ko layi ɗaya ne.

Auta

*

Auta,

Ina gaishe ka. Yau ba zan ce maka ni lafiya ba, na gaji da rubuta wannan layin.

Sati biyu na farko fushi ne, ba zan ɓoye ba. Na zauna a aji da jikokin mutane ina da furfura, malama tana riƙe hannuna a kan alli, don dai in rubuta maka da kaina ba wanda ya ji sirrinmu. Lambobi sun ba ni wuya, gaskiya ne. Amma na iya su. Kowane gida sau biyu nake ƙirga shi, zuwa da dawowa, kuma idan tela ya yi mini magana sai in koma farko.

Sauran satin biyar ba fushi ba ne. Na faɗi a bakin famfo. Ban karye ba, amma na kwana huɗu a asibiti, bayan nan hannuna ya ƙi riƙe biro. Ni na sa yayarka ta rantse ba za ta gaya maka ba, kada ka ga laifinta.

Shekaranjiya na yi abin da ka ce. Na tsaya a get na ƙirga zuwa ƙofar falo. Ashirin da uku. Na huta na sake, ashirin da uku. Na zauna da biro na daɗe, domin na tuna goma sha huɗu na rubuta maka da farko, kuma da na sake rubuta goma sha huɗu da ka ce ƙirga ce ta kuɓuce mini a sauran, ka gyara titinka, mu wuce wurin. Sai na ga gara ka san ciwona da ka ɗauka ban iya ƙirga ba. Ka ga irin girman kan uwarka.

Gidan bai ƙara tsawo ba, Auta. Takuna ne ya gajarce. Likita ya ce ciwo ne na jijiya, yana sa ƙafa ta riƙa jan ƙasa, hannu ya riƙa rawa, rubutu ya ƙanƙance. Ya faɗi sunansa, ban iya rubuta shi ba. Ya ce ba ya kisa da sauri, kuma magani yana rage masa gudu, amma ba ya komawa baya. Tun kafin takardarka ta farko aka gaya mini. Ba tattalin takarda nake yi ba.

Matar da ta tambaye ka maganar kujera, ka ce mata a nan nake hutawa idan na fito. Rabin hanya babu inuwa, shi ya sa take a rana.

Akwai wata magana kuma, tunda yau ranar faɗa ce. Na san ba a ofishin masu zanen gini kake ba. Na san tun shekara uku da suka wuce a ma'ajiyar kaya kake, kana duba kwalaye. Tambarin wurin yana bayan takardar da ka taɓa rubuto mini a kai, na bi shi da yatsa kamar yadda nake bin komai. Na yi shiru ina jira ka faɗa. Idan abin da ya hana ka zuwa ke nan, to ka sani ba wanda ke jiran mai zanen gini a titin nan. Tela ma da ya ji kana zana gidansa cewa ya yi, "Ashe dai yaron yana nan da hannunsa."

Gida na bakwai ban auna ba. Yana da nisa yanzu.

Innarka

*

Inna,

Na karanta a tsaye a bakin gidan waya, sannan na nemi wuri na zauna.

Da na koma ɗaki na jera takardunki a kan gado bisa kwanan wata. Ashirin, ashirin da biyu, ashirin da biyar. Wata takwas kina gaya mini, ni kuma ina faɗaɗa gidajen mutane. Har rubutun na gani da idona, na tambaye ki ko takarda ce ta yi ƙaranci.

Maganar aiki gaskiya ce. Kunya ce, ba wani abu ba. Kullum ina cewa bari in samu na kirki tukuna sannan in zo.

Ban gyara titin ba, kuma ban ɗora shi ba. Na bar shi yadda kika auna.

Na je wurin shugabanmu, ban ce a duba ba, na ce zan tafi. Ya ba ni sati uku daga ranar goma ga wata. Abin da zai biyo baya, sai mun zauna da ke da Yaya. Zan zo da igiyar awo.

Auta

*

Auta,

Ina gaishe ka. Ƙafa tana nan yadda take, hannu ya ɗan saki yau, shi ya sa na yi sauri in rubuta kafin ya canza ra'ayi.

Na karanta "goma ga wata" sau huɗu, sannan na kai wa tela ya karanta mini, domin tun ranar takalma ban yarda da kaina ba a kan takardunka. Ya ce goma ce. Ya ce kuma ka zo ka ga rufin da idonka, wataƙila ka ji tausayi.

Kada ka zo mini da fuskar jinya. Yayarka ta riga ta cika gidan da ita, ta ɗauke mini tabarma daga hanya, ta sa ƙarfen riƙewa a banɗaki, tana bina da ido kamar zan fashe. Kai ka zo da yunwa kawai.

Igiyar awo ka zo da ita. Ka auna na bakwai da kanka, ka gyara na direba kafin ya ji an mai da gidansa makaranta. Akwai sauran rabin bangon babanku ma, idan sati uku za su isa. Amma a naka na kwamfuta ka bar shi launi biyu.

Ɗakinka ban taɓa ba ka awonsa ba, kuma ba ka tambaya ba. Shi na ajiye na ƙarshe, ko da gidajen sun ƙare ba ka zo ba.

Abu ɗaya nake so ka yi mini. Ka gaya wa yayarka ƙarfe nawa motarku za ta iso, kuma ka faɗi gaskiya, ban da "ana duba wa". Ba na so ka same ni a kujera. A get zan tare ka, kuma taku ashirin da uku ne, sai na fito da wuri.

Innarka